Falon da Ya Sauko Ƙasa: Wata Bakwai da Kayan Adon Tailan a Wani Gida a Legas

A watan Yulin bara, bayan an kwana huɗu ana sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa, uwargidana ta janye babbar kujerar falonmu domin ta share bayanta, sai na ji ta ƙwala mini kira da irin muryar da ba ta yi sai abu ya ɓaci. Bayan kujerar gaba ɗaya ya yi fumfuna, bangon da take jingine da shi kuma ya yi baƙi har tsayin gwiwa. Kujerun na kayan ɗakinta ne da aka kawo daga Kano, manya masu kauri, masu yadi mai gashi-gashi, irin waɗanda a can gida za su shekara ashirin babu abin da zai dame su sai ƙura. Mu kuwa a hawa na ƙasa muke zaune a Gbagada, inda laima ba ta barin ɗaki ko da rani, kuma kafet ɗin da muka malala daga bango zuwa bango ya daɗe yana wani wari da turaren wuta ke rufewa na ɗan lokaci kawai. Wannan ne ya kai ni wani shago a Lekki da ke sayar da kayan ɗaki da na ado daga ƙasar Tailan, yake kuma tsara wa mutane ɗakunansu. Ba zan kama sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Ƙanena ne ya ba ni shawarar, shi da yake zuwa Bankok saro tufafi a kasuwar Pratunam. Ya ce mutanen can suna fama da ruwa da zafi da laima irin namu na Legas, amma bai taɓa shiga masauki ya ji warin da yake ji a falona ba. Abin ya ba ni mamaki da na duba taswira na ga cewa Bankok kusan a layi ɗaya take da Sakkwato, sai dai kusancinta da teku da kuma daminar da ke sauka daga Mayu zuwa Oktoba sun sa yanayinta ya fi kama da na nan.

Shagon ba shi da girma, kuma a bakin ƙofa ake cire takalmi, abin da bai zame mana baƙo ba. Wani saurayi ɗan Jos mai jin Hausa ne ya tarbe mu, ya zaga da mu ba tare da ya matsa mana da maganar ciniki ba. Mai shagon, wata mata da ta ce ta yi shekaru tana zaune a birnin Chiang Mai na arewacin Tailan, ba ta yarda ta sayar mana da komai a ranar ba. Ta ce sai ta ga ɗakin tukuna. Bayan kwana uku ta zo da abin awo, ta ɗora tafin hannunta a bango, ta ɗaga gefen kafet ta sunsuna, ta tambayi ta inda iska ke shigowa da yamma da kuma yawan mutanen da ke zama a falon ranar Juma'a. Akwai kuɗin da ake biya na wannan ziyara, amma ana cire shi daga jimillar ciniki idan mutum ya sayi kaya. A ganina, a duk abin da na biya wannan ne kuɗin da ya fi halatta, domin shawarar da ta bayar ta fi kayan da ta sayar mini amfani.

Abin da ta ce a taƙaice shi ne a cire kafet, a bar tayil a fili, a janye kowane kaya daga jikin bango da kamar taki ɗaya, kuma kada a sa wani abu a ɗakin sai mai ƙafafu wanda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa, ko mara nauyi wanda za a iya ɗauka a shanya a rana. Wannan tunani ba ita ta ƙirƙiro shi ba, daga tsarin gidan gargajiya na tsakiyar Tailan ya samo asali, wanda suke kira ruean thai. Gidan ana ɗora shi ne a kan dogayen ginshiƙan katako saboda ambaliyar kogin Chao Phraya, a yi masa rufi mai tsini sosai domin ruwan sama ya gangare da sauri zafi kuma ya tashi sama, bangayensa kuwa allunan katako ne da ake sarƙa su da juna ba tare da dogaro da ƙusa ba, har ta kai ana iya kwance gida sukutum a kai shi wani wuri a sake tayar da shi. A cikin irin wannan gida kaya kaɗan ne, a ƙasa ake zama, a ƙasa ake cin abinci, kuma dokin ƙofa yana da tsayi, sai an ɗaga ƙafa an tsallake shi. Wanda ya tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i ba zai ji an zo masa da wani sabon abu ba. Inda muka bambanta da su shi ne wajen ido, domin mu mun saba da jere, ɗakin da bai cika da tangaran da kwanuka da labule mai ninki uku ba sai a ce ba a yi wa yarinya kaya ba, alhali wannan salo yana neman a bar fili, a bar katako ya nuna launinsa. Uwargidana ta yi kwanaki tana cewa, "Alhaji, falon nan fa kamar an yi mana sata," kafin idonta ya saba.

Abin da ya fi komai burge ni a cikin kayan shi ne matashin nan mai kusurwa uku, wanda ake jingina da shi, mai haɗe da 'yar katifa da ake naɗewa a kuma warware. Idan aka dube shi ta gefe za a ga ƙananan bututu ne masu kusurwa uku aka ɗinka aka jera kan juna, guda 10 a matsakaici, guda 15 a babba, kowanne an cusa shi dam. Mun ɗauki manya biyu masu katifa ninki uku da matsakaita huɗu. Yadin auduga ne mai ƙarfi, da saƙar zane-zane a tsakiya wadda mutanen arewa maso gabashin Tailan ke kira khit, kuma lardin Yasothon ne ya yi suna wajen yin irinsa, musamman ƙauyen Ban Si Than. A makon farko yana da tauri har mutum ya yi zaton an cuce shi, amma daga baya yana ɗan saki ya karɓi siffar bayan mai jingina, kuma bayan wata bakwai yara suna hawa suna sauka babu wanda ya lotsa, babu ɗinkin da ya ɓalle. Duk ranar Asabar da rana ta fito mukan fitar da su baranda na 'yan sa'o'i, abin da ba ya yiwuwa da kujerar da sai mutum uku sun ɗaga.

Da mahaifiyata ta zo daga Kano a watan Disamba, ta zauna ta jingina, ta matsa matashin da yatsa, ta kai shi hanci, sannan ta dube ni ta ce, "Kai wannan, yanzu abin nan har sai da aka ƙetare teku aka sayo maka shi? Ai audugar rimi ce." Na ce, "Inna, sun ce wani abu ne na can ƙasarsu." Ta ce in je in tambaya. Na tambaya, kuma gaskiyarta ce. Audugar da suke cusawa ta bishiyar rimi ce, wadda muke yi wa kirari da adon gari, wadda kakanninmu suka yi matasan kai da katifu da ita tun kafin a san soso. Bishiyar ma asalinta na Afirka ta Yamma ne da yankunan zafi na nahiyar Amurka, daga baya aka yi ta shukawa a kudu maso gabashin Asiya. Audugarta tana da wani maiƙo a jiki da ke hana ta shan ruwa da wuri, kuma ba ta da nauyi, shi ya sa a da ake cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa, shi ya sa kuma ta dace da gari irin Legas. Sai dai tana da aibi guda wanda babu wanda ya faɗa mana a shagon, kuma ya kamata a ce sun faɗa: tana kama wuta da saurin gaske. A gidan da ake yawo da kaskon turaren wuta daga ɗaki zuwa ɗaki, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Inna ce ta gargaɗi surukarta, tun daga ranar aka daina ajiye kasko a ƙasa kusa da matasan.

Maganar katako ita ce inda gizo ke saƙar. Mun yi odar dogon benci mai faɗi wanda ake ɗora katifa a kai, da teburin tsakiya gajere, da ƙananan tebura biyu na gefe, kuma a rasit an rubuta cewa duka na katakon tik ne. Tik shi ne sarkin katako a wannan salo, saboda yana da mai a cikin jikinsa wanda ke sa ruwa da gara ba sa cin sa da sauƙi, da shi aka gina tsofaffin gidajen Tailan, da shi kuma ake yin daɓen jiragen ruwa. Amma tun shekarar 1989 gwamnatin ƙasar ta haramta sare itatuwa a dazuzzukanta, bayan mummunar ambaliya da zaftarewar ƙasa da aka yi a kudancin ƙasar a watan Nuwamban 1988, saboda haka tik ɗin da ke kasuwa a yau ko dai na gonar da aka shuka ne, ko na tsofaffin gidaje da aka kwance, ko kuma wanda aka shigo da shi daga maƙwabta. Wannan ya sa yake da tsada, tsadar kuma ta sa ake samun masu rina wani katako su kira shi da sunansa.

Bencin da teburin tsakiyar babu shakka tik ne. Suna da nauyi, idan aka shafa ƙarƙashinsu inda ba a yi wa fenti ba ana jin ɗan santsin maiƙo a yatsa da wani ƙamshi mai kama da na fata, kuma launin zuma ne ciki da waje. A jikin ƙafar bencin akwai wasu tsofaffin ramuka da aka toshe da kyau, alamar cewa katakon ya taɓa zama ginshiƙi ko ƙyaure a wani gida. Haɗin ƙafafun an yi shi da gwaninta, babu girgiɗi, babu ƙusar da ta leƙo. Hunturu ya zo ya wuce, damina ta kama, ba su tsage ba, ba su kumbura ba. Ƙananan teburan ne suka ba ni kunya. A watan Fabrairu uwargidana ta lura da wani gari mai laushi kamar fulawa yana taruwa a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu kowace safiya. Na kira wani kafinta ɗan Zariya da ke aiki a Agege, ya kifa teburin, ya kankare gefen ƙafa da wuƙa, sai ga farin katako fat a ƙarƙashin rini. Ya ce, "Alhaji, wannan itacen roba ne, an dai shafa masa kala. Ga ramukan ƙwaro nan." Tailan ce kan gaba a duniya wajen samar da roba, kuma idan bishiyar ta tsufa ta rage ba da ƙaro akan sare ta a yi kayan ɗaki da ita. Katakon ba haramun ba ne, yana da amfaninsa idan an yi masa magani sosai, amma ba tik ba ne, kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma ƙwaro da fumfuna suna son sa. Mun yi gudun gara ke nan mun faɗa gidan zago.

Da na koma shagon da hoton abin da kafinta ya gano, mai shagon ba ta yi musu ba. Ta ce wanda ya haɗa mata kaya a can ne ya cusa su a cikin kwantena, ta karɓi teburan biyu, ta mayar mini da kuɗinsu cikin mako biyu. Na yaba da haka, amma wanda ya rubuta tik a rasit da hannunsa shi ke da alhakin kifa tebur ya duba kafin ya sayar, ba mai saye ba.

Ƙorafina na biyu jinkiri ne. Na biya kashi 70 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami a watan Agusta bisa alkawarin mako shida, kaya ba su shigo gidana ba sai tsakiyar Nuwamba. Duk wanda ke Legas ya san abin da ake nufi idan aka ce kwantena tana tashar jiragen ruwa ta Apapa, ban kuma ɗora musu laifin abin da ya fi ƙarfinsu ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba su taɓa kira na don kansu ba, kullum ni ke bi, kullum amsar ita ce mako mai zuwa, mu kuwa mun riga mun fitar da tsofaffin kujeru, muka yi kusan wata uku muna karɓar baƙi a kan darduma.

Wajen siliki kuwa sun nuna gaskiya. Uwargidana ta so a yi mata labule da shi gaba ɗaya, mai shagon ta hana, ta ce rana tana cinye siliki har ya riƙa yagewa kamar takarda, ta ba da shawarar labulen auduga mara nauyi, silikin kuma a tsaya a kan rigunan ƙananan matasai da ƙyalle guda da aka rataye a bangon da rana ba ta kaiwa. Silikin saƙar hannu ne, yana da ɗan ƙulli-ƙulli a jikin zaren kamar na rigar tsamiya, kuma saboda zaren tsaye da na kwance launinsu daban, idan mutum ya gitta sai ya ga ƙyallen ya juya daga ja zuwa ruwan goro. Ta zare ɗan zare ta ƙona a gabanmu, ya yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, ba irin dunƙulen da na roba ke yi ba. Labarin yadda wannan siliki ya shiga ɗakunan duniya yana da ban sha'awa ga Musulmi. Wani Ba'amurke mai suna Jim Thompson, wanda ya karanci zanen gine-gine, shi ne ya tallata shi a ƙasashen waje bayan yaƙin duniya na biyu, kuma masaƙan da ya dogara da su Musulmi ne na unguwar Ban Krua a Bankok. A tsallaken magudanar ruwan da ke gaban unguwar tasu ya harhaɗa tsofaffin gidajen tik guda shida ya mayar da su gida ɗaya a shekarar 1959, gidan da yanzu ya zama wurin ziyara, bayan shi kansa ya ɓace a tsaunukan Cameron na Malesiya a 1967 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da yawa daga abin da ake sayar wa baƙi a yau da sunan salon Tailan yana ɗauke da kamannin wannan gida da na manyan masaukan 'yan yawon buɗe ido, ba lallai na ɗakin talakan ƙasar ba, kuma yana da kyau mai saye ya san haka.

Tangaran ɗinsu mai launin kore-kore, mai tsatsage-tsatsage a ƙarƙashin sheƙi, ya yi kyau a kan katako, kuma sana'a ce da ta daɗe a can tun zamanin daular Sukhothai. Mun ɗauki kwano ɗaya babba muna zuba dabino. Fitilun takarda kuwa ban ba kowa shawarar su ba, domin haskensu bai isa a yi karatu ba, takardar ta yi laushi da damina ta kama, kuma sai da aka sauya musu kan filogi kafin su shiga soket ɗinmu mai baki uku. Akwai kuma kwanduna da aka saƙa da busasshiyar ciyawar ruwa, irin wadda ke toshe hanyar jiragen Ikorodu duk shekara. Na yi dariya da na ga farashinsu, na wuce.

Abu ɗaya ya sa na yi jim kafin in shiga da iyalina karo na biyu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shagon mutum-mutumi ne, yawancinsu na Buda, wasu ma kai ne kawai aka ɗora a kan ƙarfe, kuma a zanen farko da aka yi mana an sa guda a kusurwar falo. Na ce a cire, aka cire ba gardama, aka maye gurbinsa da allon katako mai sassaƙar furanni da ganyaye. Ba mu kaɗai ne abin bai kwanta wa ba. Su kansu mutanen Tailan, waɗanda mafi yawansu mabiya addinin Buda ne, suna ɗaukar mayar da siffarsa kayan ado a matsayin rashin ladabi, dokarsu ma ta ce sai da izinin hukuma ake fitar da irin waɗannan siffofi daga ƙasar, kuma ƙanena ya ce akwai manyan alluna a Bankok da ke jan kunnen baƙi a kan haka. Salon bai rasa komai ba don an cire su, tunda abin da ke riƙe da shi katako ne da saƙa da haske da fili.

Jimillar abin da na kashe ta kai kuɗin sabon saitin kujeru masu kyau har da rabin wani. Da zan sake, matasai da siliki da tangaran kawai zan saya a wurinsu, in biya kuɗin shawara, manyan kayan kuma in ba kafinta na nan, domin ana shuka tik a gandun dazuzzukan jihohin Oyo da Ogun da Ondo, kuma masu saƙar kwagiri da ke ƙarƙashin gada a unguwar Maryland ta nan Legas sun yi mini kujeru biyu daga hoto a kan ƙasa da sulusin farashin shagon. Kujerun nan biyu dole ce ta sa na yi su, domin surukina da ya kawo ziyara yana fama da ciwon gwiwa, ya zauna a ƙasa don kara, da zai tashi sai da muka kama shi mu biyu, abin da babu wanda ya hango a lokacin tsara ɗakin, har ni.

Damina ta sake kamawa yanzu, bangon da ya yi baƙi bara yana nan fari, warin nan kuma ya tafi tare da kafet. Matasanmu dai sun koma biyar, domin Inna ta tafi Kano da guda ɗaya, ta ce za ta kai wa mai ɗinkin katifa na unguwarsu ya farke ya ga yadda aka jera bututun.